Manya a Folda, Talakawa a Bakin Ƙofa

Ni dai har gobe duk wanda ya ce na yi wa Malam Tukur mugunta, sai in ce ya kawo shaida. Abin da ya ce in yi shi na yi, ban ƙara ba ban rage ba, kuma takardar da ya rubuta mini da koren bironsa tana nan a akwatina, ƙarƙashin zannuwan zuwa coci. Amma bari in faro daga tushe, don mutanen Ikara sun iya kama zance ta wutsiya.

A shekarar casa'in da bakwai ne. Soja na mulki, ana ta yi wa mutane wa'azin tsuke bakin aljihu, alhali rabinsu ko aljihun ba su da shi. Man fetur sai an yini biyu a layi, kullum kuma raɗe-raɗi ake yi za a rage ma'aikata. Ni Agnes Isaiah ina buga tafireta a ofishin Shirin Gyara Gona, wani shiri da Turawa masu ba da agaji suka kawo don raba wa ƙananan manoma takin zamani a Ikara da Makarfi da Kudan. Ranar da aka sauke mana kwamfuta kowa ya ja da baya, maza masu gemu har da leƙowa ta taga. Aka ce ai tana da madannai irin na tafireta, to dangin Agnes ce, a ba ta. Haka na gaji aikin da ba a ƙara mini komai a kansa ba sai ciwon ido.

Turawan nan sun gaji da jin cewa taki ya taso daga Kaduna ya ɓace kafin Zariya, shi ya sa suka sauya tsari. Ni zan buga sunayen manoman kowace ƙungiya da girman gonarsu, in sa a faifai, a kai babban ofis a Kaduna. Can wata babbar na'ura za ta karanta faifan ta buga wa kowane manomi tikiti da sunansa, a liƙe ambulan, a zo a buɗe a gaban jama'a a ƙofar sito. Wanda ba shi da tikiti ko ƙwaya ɗaya ba zai gani ba, don akwai wani kofur da aka ajiye a ƙofar, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba.

Manajanmu shi ne Malam Tukur, mutum mai son a ajiye kowa a matsayinsa. Wurin zama uku ne a ofishinsa. Manoma suna zama a dakalin bakin ƙofa, ma'aikata a benci, masu babbar riga kuwa ciki ake shigar da su, wani ɗan ɗaki mai fanka da labule da firijin da bai taɓa yin sanyi ba. Ka'idarsa ɗaya ce, kuma yana alfahari da ita: a sallami na bakin ƙofa da sauri, sannan a shiga a zauna da manya a tsanake. Ni kuwa ban samu ko bencin ba, kujerar ƙarfe ce tawa mai guntuwar ƙafa ɗaya, da kwalin ashana nake tokare ta.

Zuwana Kaduna na farko, a ƙarshen rani, shi ne ya koya mini karatun da ban manta ba. Na zauna na tsara faifaina tsaf don in burge. Na buɗe folda, wato ɗakin da ake zuba fayil a ciki, na sa mata suna Ikara, a cikinta na buɗe ta Saulawa, haka Makarfi da Gubuchi a cikinta, haka Kudan. Na shiga motar haya ina jin kaina wata tsiya. Mai kula da na'urar Kaduna, wani dogon mutum mai sanyin magana da ake kira Elias, ya sa faifan ya danna, na'ura ta ce ba ta ga komai ba. Na ce ƙarya take yi, da idona na gan su jiya. Ya ce ba ta ƙarya, ba ta dai shiga ɗakin mutane.

Ya jawo mini kujera ya yi mini bayani a hankali, ni kuma ina huci. Ya ce in sani kwamfutarmu da tasu ba 'yan gida ɗaya ba ne, tamu Windos take ji, tasu Yuniks. Tamu in za ta yi kwatancen inda fayil yake, sandar da take sawa tsakanin folda da folda baya take jingina, tasu kuwa gaba. Tamu ba ruwanta da babban harafi ko ƙarami, tasu kowanne daban take ɗaukarsa. Dogon suna kuma in ya iso wurinsu a faifai, guntule shi ake yi ya koma harafi takwas. Saboda wannan rigima, wanda ya tsara musu aikin ya yanke hukunci: na'ura ba za ta bi wata hanya ba, ba za ta leƙa kowace folda ba. A bakin faifai za ta tsaya, duk fayil ɗin da ta samu a nan, sunansa ya fara da taki, lamba biyu suka biyo, ya ƙare da txt, shi za ta ɗauka. Sauran ko zinariya ce a ciki, ba ta san da zamansa ba.

Ya gyara mini a ranar, amma labari ya riga ni isa Ikara ta bakin wani direban babban ofis. Malam Tukur ya tara ma'aikata ya ce ga wadda ta je Kaduna ta zubar mana da mutunci, ya ce shi ya sa tun farko ya so a ba namiji. Na ji haushi ƙwarai, kuma ni haushi ba ya ruɓewa a wurina.

To, ga inda abin ya shafe ni. Babana Isaiah, wanda mutanen Saulawa ke ce wa Ishaya, daga kudancin Kaduna ya zo da mu ina 'yar shekara huɗu, ba shi da ko taƙin ƙasa. Baba Maiwada ne ya yanko masa gefen gonarsa ya ce ya noma, ba tare da ya tambaye shi ina yake yin addu'a ba. A gidansa na koyi cin tuwon dawa, matarsa Inna Zulai ce ta fara yi mini kitso. Har na girma ba ya kiran sunana, 'yar Ishaya yake ce mini. A daminar casa'in da shida bai samu taki ba, masararsa ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba, dole ya sayar da sa ɗaya cikin biyun da yake huɗa da su. Saura guda, wani baƙin sa mai farin goshi da ake kira Goshi, wanda yake haɗawa da na maƙwabcinsa Usmanu su yi huɗa tare. Ya gaya mini da bakinsa, in bana ma bai samu ba, Goshi zai bi ɗan'uwansa kasuwar Makarfi, ya sayi takin a hannun 'yan bumburutu. Manomin da ya kai shekarun Baba Maiwada in ya rasa sa, ya gama noma ke nan, don bayansa ba zai ɗauki garma ba.

Rabon Saulawa buhu ɗari uku ne, manoma saba'in da biyar, kowa huɗu. Na buga sunansa da hannuna, Maiwada Lado, eka biyu, na aika masa ya kwantar da hankalinsa.

Saura kwana uku a rufe karɓar sunaye, wata farar Marsandi ta tsaya a ƙofar ofis. Alhaji Ashafa ɗan kwangila ya fito, aka tsallake da shi kan manoman da ke dakali aka shigar da shi ɗakin labule. Bayan ya tafi, Malam Tukur ya ajiye mini wata takarda ya ce ƙarin manyan manoma ne na Saulawa, in buga musu fayil. Mutum goma sha biyu, kowa eka hamsin, kowa buhu ashirin. Na karanta sunayen. Alhajin da kansa, ƙannensa uku, surukansa, direbansa, har da Bobbo tsohon maigadinsa, wanda in ka ba shi fartanya zai tambaye ka ta ina ake riƙewa. Na san kuma na'urar Kaduna daga manyan gonaki take fara rabo ta gangaro. Sha biyun nan za su kwashe ɗari biyu da arba'in, sittin da suka rage su ƙare a kan mutum goma sha biyar. Mai eka biyu ko ƙurar buhu ba zai shaƙa ba.

Kada wani ya ɗauka na tashi na yi jarumta. Ban yi ba. Ina da ƙanne biyu a makaranta, ga maganar rage ma'aikata, kuma sunan mai kujerar ƙarfe ne ake fara gani. Na buga su ina cizon leɓe, na sa wa fayil ɗin suna daidai yadda Elias ya koya mini. Ƙungiyoyinmu goma sha biyu ne, daga taki01.txt zuwa taki12.txt, na Alhaji ya zama taki13.txt. Na ajiye shi a bakin faifai tare da sauran, na zauna ina kallonsa, idona ya cika da ƙwalla don takaici.

Allah da ikonsa, sai ga Malam Tukur ya zo ya tsaya a bayana, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa tabarau ya bi jerin fayil ɗin da ke kwamfuta da yatsa har ƙasa, ya bar mini maiƙo a gilashi, ya tambaya wannan na ƙarshen fa. Na ce na Alhaji ne.

"Alhaji Ashafa ne taki goma sha uku?" in ji shi. "A ƙarƙashin 'yan Gubuchi? Ke a gidanku ba a koya miki girmama manya ba?"

Da ya tsaya a kaina da sauƙi, amma ya taɓo gidanmu. Duk da haka na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita na'urar Kaduna..."

Ya ɗaga mini hannu. "Ke za ki koya mini Kaduna? Ke da kika je kika kunyata mu?"

Na haɗiye sauran maganar, kuma ban taɓa haɗiye abin da ya yi mini daɗi kamarta ba. Na ce tuba nake, yadda ya ce haka za a yi.

Ya gyara tsayuwa ya fara ba da umarni. A buɗe folda ta daban, a sa mata Ofishin Manaja. Na buɗe. A cikinta a buɗe wata, Manyan Manoma Na Musamman. Na buɗe. Ya ga kwamfutarmu tana karɓar dogon suna ba ta ƙorafi, abin ya burge shi, ya ce a goge wannan taki goma sha ukun na raini, a rubuta Jerin Alhaji Ashafa da Muƙarrabansa. Na rubuta, har na tambaye shi ko a ƙara musu wani ɗakin daga ciki, don kada su yi kusa da hayaniyar waje. Ya dube ni da mamaki, ya ce ashe ina da hankali in na so. Muka ƙara ɗaki na uku, shi ya raɗa masa suna Sirri.

Daga nan na sunkuyar da kai na ce ina da roƙo. Tsari mai kyau irin wannan, in an gani a Kaduna za a tambaya wa ya yi, kuma bai kamata ƙaramar ma'aikaciya ta ci yabon da ba nata ba. Ko zai rubuta mini umarnin a takarda? Malam Tukur ba abin da yake so a duniya kamar ya zaro koren biron nan. Ya rubuta layi biyar, ya sa hannu, ya buga hatimi har sau biyu don na farkon bai fito sosai ba. Na ninke takardar na sa a cikin Littafina Mai Tsarki, na ce Ubangiji ya gafarta mini wurin ajiyar.

Na ɗauka shi ke nan, ashe da sauran rina a kaba. Ranar Juma'ar da za a rufe karɓa da ƙarfe goma sha biyu, sai Malam Tukur ya ce da shi za a je Kaduna, yana so ya ga shigar jerin Alhaji da idonsa. Muka ɗauki a-kori-kurar ofis da man da aka sayo a jarka, shi a gaba shi kaɗai da direba, ni a baya kan tayar safaya, faifai a jaka, rana tana gasa ni. Daga Ikara har Zariya ina addu'a motar ta lalace, daga Zariya zuwa Kaduna ina addu'a kada ta lalace, don in ba a kai faifan ba Baba Maiwada ma ya rasa. Shingen sojoji huɗu muka wuce, muka isa saura minti ashirin.

Babban ɗaki ne mai sanyi, na'urar tana gurnani a kusurwa. Can ƙarshe wata Baturiya mai tabarau tana zaune da tulin takardu, ita ce mai binciken shirin. Elias ya gaishe da Malam Tukur da ladabi, ya ce mini sannu Sista Agnes, ya sa faifan. Fayil goma sha biyu suka jeru, a samansu kuma ga wata folda da aka guntule wa suna. Ya ɗan tsaya. Mutumin kirki ne Elias, kuma a ranar na so a ce kirkin nasa bai kai haka ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "akwai folda a nan. Ita na'urar nan na bakin ƙofa take ɗauka. In fito da abin da ke ciki in haɗa shi da sauran?"

Malam Tukur kuwa murmushi ya yi, ya gyara hula.

"Ka haɗa su da sauran? A'a, samari. Ai daidai take yi. A sallami na bakin ƙofa tukuna, sannan a zauna da manya a tsanake. Ashe na'urar taku tana da tarbiyya."

Elias ya sake gwadawa, ya ce ba haka yake nufi ba, in ana so a karanta fayil ɗin sai an fito da shi an sauya masa suna, kuma doka ce duk fayil ɗin da aka taɓa a nan sai an buɗe shi a gaban madam ta duba sunayen. Malam Tukur rabin maganar ya ji, rabin da ke da madam a ciki. Ya waiga ya dubi Baturiyar, ita ma daidai lokacin ta ɗago kai. Murmushin ya ɗauke. Ya ce kada a kuskura a taɓa masa komai, shi ya tsara abinsa kuma ya san abin da yake yi.

Elias ya juyo ya dube ni. Ni kuwa fankar da ke sama nake nazari, ban taɓa ganin fanka mai kyau irinta ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya danna. Na'ura ta yi 'yar ƙara ta tofo rasit mai cewa an karɓi goma sha biyu. Malam Tukur ya karanta ya ƙirga mutanen Alhaji a yatsunsa, ya ga goma sha biyu cif, ya ce madalla. A hanyar dawowa har ya tsaya a Zariya ya saya mini lemo, shi ne abu na farko kuma na ƙarshe da na taɓa ci a hannunsa.

Mako biyun da suka biyo ban ji daɗinsu ba. Ina ta tunanin ko an gyara na'urar ta koyi shiga ɗaki, ko Elias ya ji tausayin manaja ya fito da fayil ɗin bayan mun tafi. Ga direban Alhaji ya riga ya baza a tasha cewa takin Saulawa nasu ne. Ranar Lahadi bayan sujada na hau acaɓa na je Saulawa, na samu Baba Maiwada a gindin tsamiya yana wanke Goshi, sabuwar igiya a rataye a reshe. Bayan mun gaisa, ya tambayi ƙannena da aiki da gajiya, sai ya ce ya ji labari, kuma kada in damu, ya san ba ni da iko. Ya riga ya yi magana da dillali, kasuwa mai zuwa zai kai shi. Yana magana yana shafa wuyan san, bai dube ni ba. Na ce ya daure ya tsallake kasuwa ɗaya. Ya ce me na sani. Na ce ban san komai ba, ya dai tsallake. Ya ce to, don 'yar Ishaya ce ta faɗa.

Ranar rabo hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jama'a sun cika ƙofar sito tun safe. Babbar motar Alhaji Ashafa tana gindin darbejiya, bayanta a buɗe, 'yan dako huɗu a kai. Shi kuma an fito masa da kujera mai kushin an ajiye a inuwa, Malam Tukur a gefensa. Jami'in da ya zo daga Kaduna ya ɗaga ambulan ɗin Saulawa kowa ya ga ba a buɗe ba, ya yage, ya fara kira daga mai babbar gona. Sunan farko da ya fito Usmanu ne, eka shida, buhu huɗu.

Malam Tukur ya ɗan gyara zama, ya raɗa wa Alhaji cewa ana sallamar na bakin ƙofa ne. Aka kira na goma, aka kira na sha biyar. Da aka kira na sha shida na tabbata mutanen Alhaji ba su shiga ba. Shi kuwa bai gane ba sai wajen na arba'in, lokacin da ya ga tulin tikitin yana ƙanƙancewa, buhunan sito suna bin kawunan mutane suna fita. Ya cire hula ya mayar. A na sittin da takwas aka kira Maiwada Lado. Tsohon ya taso daga dakali a hankali, ya karɓi tikitin da hannu biyu, ya juya shi gaba da baya ko da yake ba ya karatun boko, ya miƙa wa kofur. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba, wata mata ta ɗauka an yi mini rasuwa.

Da aka kira na saba'in da biyar jami'in ya kakkaɓe ambulan ya juya shi ƙasa. Alhaji Ashafa ya tashi ya kaɗe riga ya shiga Marsandi, babbar motar ta bi shi fayau, 'yan dakon suna zaune a baya suna kallon gari.

Ban kai ga zama a kujerata ba Malam Tukur ya faɗo. Ya ce na ci amanarsa, ya ce na goge jerin Alhaji, ya ce yau zan ga takardar tuhuma kuma gobe zan ga ta kora. Na bar shi ya gama, na kunna kwamfuta, na sa kwafin faifan, na shiga Ofishin Manaja, na shiga Manyan Manoma Na Musamman, na shiga Sirri. Ga jerin nan lafiya lau, mutum goma sha biyu da ekokinsu.

"Ga su nan, ranka ya daɗe," na ce. "Inda ka ce a zaunar da su. Ba wanda ya dame su."

Sannan na zaro takardar koren biro na ce in zai rubuta tuhumar, zan haɗa amsata da wannan da kuma jerin kansa, tunda doka ta ce kwafin kowace tuhuma sai ya je teburin madam a Kaduna. Ya dubi takardar, ya dubi hatiminsa guda biyu. Ya juya ya shiga ɗakin labule ya rufe, ranar ko sallamar na bakin ƙofa bai yi ba.

Tuhuma ba ta zo ba, kora ma ba ta zo ba. Abin da ya zo bayan kwana tara shi ne takardar canjin wurin aiki zuwa ƙaramin sitonmu na Gubuchi, inda babu wuta balle kwamfuta, kuma aka ce motar ofis ba ta da man da za ta kai mini kaya tasha. Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Na saba da Ikara, ga cocinmu, ga ƙannena, ga na'urar da na sha wuya kafin ta san hannuna.

Ina tsaye a ƙofar gida da katifa da akwati da buhun tukwane, ina neman mai baro, sai na ji ƙarar amalanke. Baba Maiwada ne, ya taso tun daga Saulawa, Goshi da san Usmanu suna ja, ƙafafunsu duk jar laka ta huɗar da suka yi jiya. Inna Zulai ta aiko da ƙullin daddawa da kuka. Ya ɗora kayan da kansa, ya hana ni taɓawa, ya shimfiɗa mini buhun takin da ya juye don in zauna a kai. Ya ce masara ta fito, ya zuba mata buhu na farko, kore shar. Shi a wurinsa addu'a ce ta ci, kuma ban musa masa ba.

Hanyar tasha ta gaban ofis ta bi. Malam Tukur yana tsaye a baranda, Baba Maiwada ya tsayar da shanu ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya yi masa godiyar taki, ya yi masa addu'ar Allah ya ƙara girma. Manaja ya amsa da ƙyar yana kallon Goshi, Goshi kuma yana tuƙa abinsa.

Da muka wuce, tsohon ya juyo ya tambaye ni laifin me na yi aka tura ni Gubuchi. Na rasa ta inda zan fara masa zancen faifai da folda da sandar da ke jingina gaba. Na ce manyan baƙi aka kawo ofis, aka ce in kai su ɗakin ciki, na kai su, har aka gama rabo ba su fito ba.

Ya ɗan taɓa Goshi da tsumagiya.

"To ina laifinki a nan, 'yar Ishaya?" ya ce. "Ai haka muka koya miki."